Kwabo a Kejin Kaji

Ranar kasuwar Gwiwa aka buge Kwabo. Wani mai babur ne ya ɗauro buhun masara biyu a baya, ya kauce wa taɓo a ƙofar gidan Inna Dela, ya bi ta kan karen. Ya tsaya, ya duba, ya ga ba mutum ba ne, ya tada babur ɗinsa ya wuce.

Dela ba ta ji komai ba. Tana tsakar gida tana tsince wake sai ta ga Kwabo ya shigo ta zaure yana jan gindi, ƙafafun gaba na tafiya, na baya na biye da su kamar tsumma. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar ɗakinta. Ya ɗaga kai zai kama asabari da haƙori yadda ya saba, bai kai ba, ya kwanta.

Shekara bakwai ke nan kunnen Dela ya yi nauyi. Na dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu kuma sai an matso an ɗaga murya. Kwabo ya riga wannan lalurar zuwa gidan da shekara biyu. Mijinta, marigayi Malam Mamuda, shi ya kawo shi a kwali daga sansanin masu aikin hanya, ranar da suka kwashe kayansu suka bar 'yan kwikwiyo a gindin wata tsohuwar tanka. Aka yi ta jira ya girma, bai girma ba. Ɗan akuya mai wata biyu ya fi shi tsayi. Ba ya farauta, ɓarawo kuma in ya gan shi sai dai ya yi dariya. Malam Mamuda ya ce kuɗinsa bai wuce kwabo ba, sunan ya bi shi.

Bayan rasuwar Malam ne karen ya nemo wa kansa aiki, ba wanda ya koya masa. Ba ya shiga ɗakin Dela, ba ta taɓa bari ba, akushinsa ma daban yake a bayan turke. Amma in an yi sallama, zai ruga ya ja asabarin ƙofarta har sai ta leƙo. In awaki sun tsinke sun nufi gero, asabari. In hadari ya taso tana barcin rana da shanya a waje, asabari. Bara da wuta ta tashi daga murhu ta kama danga bayan azahar, sai da ya tsinko asabarin gaba ɗaya ya faɗo mata a ƙafa.

Wannan gobarar ce ta kawo maganar Kazaure. Autanta Jalaluddeen, ma'aikaci a can, ya zo ya zauna a gabanta ya ce ɗaki yana nan an gyara mata, da fanka da banɗaki a ciki, matarsa Yasmin har labule ta saya. Dela ta ce ta gode, ba za ta ba. Awakinta suna nan, kukarta tana nan, kabarin Malam ga shi can bayan gona. Suka yi ta ja har ya gaji.

"To, Inna," ya ce a kunnenta na hagu. "Muddin wannan abin yana ji miki, na bar ki. Ranar da ya daina, ba sai mun sake magana ba."

Ta ce ta yarda. A lokacin ba ta ga abin da zai sami Kwabo ba.

Yanzu ga shi kwance a ƙofar ɗaki yana haki. Dela ta ɗauki muciya ta bubbuga katangar da ta raba ta da gidan Maikasuwa. Maikasuwa taubashinta ne, ɗan kawunta, kuma shi ne maɗorin wannan yankin. Daga Roni har Kanya Babba ana zuwa ɗaukarsa in an karye.

Ya shigo yana gyara hula. "Ke kurma, rushe min gida za ki yi?"

"Gidan da ko kaza ta jingina zai faɗi? Zo ka duba min."

"Ni fa mutane nake ɗorawa. In an matsa, akuya."

"Ai na ga waɗanda kake ɗorawa. Wannan ya fi rabinsu hankali."

Ya tsuguna. Ya bi ƙafafun da yatsa tun daga dagi har cinya, ɗaya bayan ɗaya, bai sami karaya ba. Da ya kai ƙugu sai karen ya zabura. Maikasuwa ya janye hannu, ya daina wasa.

"Ƙashin ƙugu ne," ya faɗa da ƙarfi. "Nan ba inda zan ɗaura kara. Ko mutum ne ba na ɗaurawa. Ki kira Auta ya kai shi wurin likitan dabbobi."

Abin da ba ta so ke nan, amma ta miƙa masa wayar ya kira.

Washegari da safe Jalaluddeen ya zo da mota. Bai ce komai game da alkawarin bara ba. Ya shimfiɗa buhu a faranti babba na tallan goro, suka ɗora karen a kai, aka sa a kujerar baya. Da ya buɗe bayan motar zai ajiye tabarmarta, Dela ta hango wata ƙatuwar jakar bakko sabuwa, a naɗe, ba komai a ciki. Ta gani, ya ga ta gani, ya rufe.

Ofishin likitan dabbobi a Kazaure warin maganin kaska yake yi. A ƙofa akwai wani Bafulatani da maraƙi da wata mata da kwandon kaji. Likitar, Dakta Sadiyya, doguwa ce mai murya kamar ta mai shela, ta saba magana a tsakiyar garke. Ta lura da yadda Dela ke karkata kai, ta zagayo ta tsaya a hagunta ba tare da an gaya mata ba.

Ta matse yatsun ƙafar baya da wani ɗan ƙarfe, Kwabo ya janye ƙafar. Ta matse ɗaya, ya janye. Ta taɓa wutsiya, ta motsa.

"Ya yi fitsari tun jiya, Inna?"

"Sau biyu. A kwance."

"Alhamdu lillahi. Wannan ya fi komai."

Ta saurari ƙirjinsa, ta daɗe tana saurare. Sannan ta rubuta takarda ta tura su wurin masu hoton ƙashi. Can na mutane ne, sai da Jalaluddeen ya yi ta roƙo kafin mai injin ya yarda, da sharaɗin a shimfiɗa leda, kuma kada waɗanda ke layi su gani.

Dakta Sadiyya ta ɗaga hoton a taga. Ta nuna da biro: nan ya karye, nan ma ya karye. Amma kwarmin da kan ƙafa ke juyawa a ciki lafiya lau, ƙashin baya ma lafiya lau.

"Hanya biyu ce," ta ce. "Ta farko tiyata. Ba a nan ba, sai Zariya. Za a buɗe, a jera ƙashin, a ɗaure da ƙarfe da ƙusoshi. In ta yi kyau, cikin kwana goma zai fara takawa, kuma ƙugun zai koma daidai. Sai dai shekararsa tara, kuma na ji zuciyarsa tana ɗan huci. Allurar barci ba ta son irin wannan zuciyar. Yawanci suna tashi. Wasu ba sa tashi."

"Ta biyun fa?" in ji Jalaluddeen.

"Keji. Wurin da zai iya kwanciya ya juya, shi ke nan. Mako shida. Da babban kare ne, ko da karayar ta shiga gaɓa, da ban ba ku zaɓi ba. Amma wannan ba shi da nauyi, naman da ke kewaye da ƙugun zai riƙe ƙashin kamar ɗori. Zai iya warkewa da ɗan ɗingishi. Haɗarin shi ne ƙashin ya goce ya matse hanyar bayan gida. In haka ta faru, dole a yanka, kuma bayan kwana goma yankan yana wuya, don ƙashin ya fara kamawa a yadda yake."

"A yi aikin kawai," Jalaluddeen ya ce. "Ƙarfe ai ƙarfe ne. Gobe sai in kai shi."

"Bayan aikin wa zai riƙa wanke ciwon?" Dela ta tambaya.

"Ni, Inna. Kullum, har mako biyu. Sai ku zauna a nan kusa."

"A Kazaure."

"Eh, a Kazaure."

Dela ta dubi ɗanta. Ya dubi hoton ƙashin kamar ya iya karantawa.

"'Yata," ta ce da likitar, "in naki ne fa?"

"In nawa ne, keji. Amma in gaya miki gaskiya, kejin ya fi wuya. Tiyata likita ke yin aikin. Keji ke za ki yi, kuma aikin shi ne kada ki yi komai. Ba tafiya, ba murzawa, ba ja, ba miƙar da ƙafa. Sau uku a rana ki sa ƙyalle a ƙarƙashin cikinsa ki ɗaga shi ya yi fitsari, ki mayar. Abinci mai ruwa-ruwa da ɗan mai. Ga maganin zafin ciwo, kada a ba shi na mutane, zai kashe shi. Ran kwana bakwai ina da rigakafin awaki a Gwiwa, zan biyo. In na ga ya goce, Zariya, ba musu."

"Keji," in ji Dela.

A mota Jalaluddeen ya yi ta tuƙi har suka wuce mararrabar Roni. Sannan ya karkato ya ce, "Mako shida, Inna. In ya tashi ya koma aikinsa, na bar ki. In bai tashi ba, jakar tana nan."

"Na ganta," ta ce.

Maikasuwa ya kawo wani tsohon kejin waya da matarsa ta daina sa 'yan tsaki a ciki. Aka wanke, aka shimfiɗa buhu da tsohon zani, aka ajiye a inuwar rumfa daura da ƙofar ɗakin Dela. Washegari aka zo aka ɗauki Maikasuwa a babur zuwa Kanya Babba, wani magini ya faɗo daga tsani.

Rana ta farko Dela ta yi yadda aka ce. Ta ɗaga, ta mayar, ta ba da kunu, ta zauna tana kallo. Ta biyu ma haka ta fara. Amma zaman ya dame ta. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an karye an bar mutum haka ba. Da Malam Mamuda ya faɗo daga keke, wata guda tana gasa masa gwiwa safe da yamma. Haihuwarta tara, ba wadda ba a gasa ta ba. Ciwo in ba a sa masa ruwan zafi ba jini ke daskarewa a ciki, jijiya ta ƙage, kowa ya san wannan. Ta ji abin da likita ta ce sarai. Sai dai a ganinta yarinyar ta karanta ƙashi ne a takarda, ba ta yi jinyar kowa ba tukuna. Kuma ita ba wasa za ta yi da shi ba, magani za ta yi masa.

Ta ɗora ruwa. Ta gwada da gwiwar hannu, don ba ta son ta sale masa fata. Ta fito da shi kan buhu. Da yake ba ta son yawunsa ya taɓa mata hannu ko zani, sai ta kifa masa ƙaramin kwando a kai ta danne da ƙafa ɗaya. Ta tsoma tsumma, ta matse, ta danna a ƙugun. Ta danna sosai, yadda ake yi, don zafin ya ratsa. Ta shafa man shanu. Ta kama ƙafar ta miƙar, ta lanƙwasa, ta miƙar, sau bakwai kowace.

Jikinsa ya yi ta rawa a hannunta. Ta ce a ranta gashin yana shiga.

Da yamma ta yi wannan na farkon. Ta yi washegari sau biyu, haka ma kwana biyu na gaba. Kwabo ya fara barin kunu. In ta nufo kejin sai ya cusa kai a lungu. Ƙugun ya kumbura ya fi da. Ta ce mugun jinin ne ke tasowa, ta ƙara wa ruwan zafi kaɗan.

Ran kwana na shida da hantsi tana cikin dannawa sai ta ga inuwa ta faɗo a kanta. Maikasuwa ne, ko takalmi babu, da buta a hannu. Ya fizge tsumman ya jefar. Ya ɗage kwandon.

Bakin Kwabo a buɗe yake har maƙogwaro, harshe a waje, idanu sun firfito. Maƙogwaron yana motsi, yana motsi. Dela ta tsaya tana kallo. Sai a lokacin ta gane abin da take gani.

"Ihu yake?" ta ce.

"Tun daga masallaci ake jin sa!" Maikasuwa ya faɗa a kunnenta. "Jiya da yamma na dawo, matata ta ce kwana uku ke nan safe da yamma. Sun ɗauka ciwon ne ke cin sa, ba su san ke ce ba. Dela, shekara arba'in ina ɗori. Kin taɓa ganin na gasa ƙashin da bai kama ba? Gashi sai daga baya! Gwiwar Malam targaɗe ce, ba karaya ba!"

Ba ta rama ba. Tun suna yara bai taɓa gaya mata magana ta yi shiru ba sai ranar. Shi ya mayar da karen keji, a hankali, da hannu biyu. Ta zubar da ruwan a gindin kuka, ta kife tukunyar.

"Kada ka gaya wa Auta," ta ce.

"Ni ba ruwana. Bakina ƙanin ƙafata."

Washegari bayan la'asar Dakta Sadiyya ta iso, takalmin robarta duk kashin awaki. Jalaluddeen ya riga ta zuwa. Maikasuwa ya shigo ya zauna a kan turmi.

Likitar ta durƙusa a gaban kejin. Ta duba akushin kunu da ba a taɓa ba. Ta taɓa ƙugun, karen ya zabura. Fuskarta ta canza.

"Ya fi ranar farko kumbura," ta ce. "Ciwon ma ya ƙaru. Bai kamata ba. Kare in yana kwance wuri ɗaya kwana bakwai, sauƙi yake samu. Ya fita ne?"

"Bai fita ba," in ji Dela. Gaskiya ce, da ƙafarsa bai fita ba.

"To ke nan ƙashin da kansa yake motsi. Hutun bai karɓe shi ba." Ta juya wajen Jalaluddeen. "Yallaɓai, kwana uku suka rage mana. Ni dai shawarata gobe a kai shi Zariya. Zuciyar ce ba na so, amma ba yadda za a yi."

Jalaluddeen ya gyaɗa kai, ya fito da waya zai nemi izini a wurin aiki.

Dela ta dubi Maikasuwa. Yana kallon yatsun ƙafarsa. Ta san ba zai yi magana ba. In ta yi shiru, za a kai Kwabo a kwantar da shi da allurar da zuciyarsa ba ta so, a kan laifin da ba na ƙashinsa ba. In ta yi magana, za ta faɗa a gaban Auta cewa abu ya yi kwana huɗu yana ihu a ƙarƙashin ƙafarta ba ta ji ba. Bayan wannan ba ta ga da wane baki za ta ce ta iya zama ita kaɗai ba.

"Auta, ajiye wayar," ta ce. "'Yata, ba ƙashin ba ne. Ni ce."

Ta faɗa duka. Ruwan zafin, man shanun, miƙar da ƙafa sau bakwai, kwandon. Ba ta rage komai ba, ba ta kuma nemi uzuri ba.

Dakta Sadiyya ta dafe kai. "Inna! Inna! Me na ce miki?"

"Kin faɗa. Na ji. Na ga kamar ke yarinya ce."

"Sau nawa kika gasa shi?"

"Bakwai. Na takwas wannan tsohon ya ƙwace tsumman."

Jalaluddeen ya matso. Bai ɗaga murya yadda ya saba ba, sai da ta karanci bakinsa. "Yana ihu a hannunki, Inna, ba ki ji ba?"

"Ban ji ba."

Jalaluddeen ya juya. Sannan ya sa takalmi ya fita. Ta ga ƙurar motarsa ta saman danga. Ta ce a ranta ya tafi neman masu kwasar kaya.

Likitar ta sa safar hannu, ta shafa mai a yatsa, ta ce Maikasuwa ya riƙe mata kan. Ta duba hanyar bayan gidan ta ciki, idonta a rufe, tana lalube. Dela ta ƙura wa fuskarta ido, don a nan za ta ji amsar.

Dakta Sadiyya ta buɗe ido, ta saki numfashi.

"A buɗe take. Ya ɗan goce ta hagu, kaɗan, bai matse ba. Allah ya rufa asiri, kumburin na nama ne." Ta cire safar. "Wannan ya canza magana. Da shi kaɗai ya lalace haka, da na ce yanka. Tunda an san dalili, kuma dalilin ga shi zaune a gabana, ana iya cire shi. Har yanzu Zariya tana nan in kuna so, amma bayan kwana ukun nan na rufe wannan ƙofar. Sai dai makon da ya wuce ya tafi a banza. Daga yau za a fara ƙirga shidan."

"Keji," in ji Dela.

"Da wane tabbaci?" in ji likitar.

Dela ta dubi kejin. Suna nan zaune sai ga Jalaluddeen ya dawo. Ba masu kwasar kaya a bayansa. Ɗan kwaɗo ne a hannunsa, sabo, irin na akwati. Likitar ta gaya masa abin da ta gani. Ya saurara, ya tsuguna, ya datse ƙofar kejin, ya zare makullan biyu ya miƙa wa Maikasuwa.

"Kawu, kai za ka riƙa buɗewa. Safe, rana, yamma. In za ka yi tafiya ka kira ni in zo. Inna ta zuba abinci ta saman waya." Ya juyo wajen kunnenta. "Mako shida na ce, ban janye ba. Likita ta ce daga yau, to daga yau."

"A gidana za a kulle min abu a ba wani makulli?"

"Eh, Inna."

"Yau na ga ranar da kare ya sami sarkin gida," in ji Maikasuwa, yana ɗaura makullan a igiyar wandonsa. "Ke kuma kurma, in na ga hayaƙi ya tashi ba lokacin girki ba, sai na tsallako."

"Ka tsallako ka karye, in gasa ka."

Mako shida suna da tsawo in mutum ba ya yin komai. Dela ta koyi zama a gefen keji da hannuwanta a cinya. Kwana uku Kwabo bai dube ta ba. Ran na huɗu ya sha kunu tana tsaye. A mako na biyu kumburin ya saɓe. A na uku Maikasuwa ya ce da ya ɗaga shi da ƙyalle ya ji yana dogara ƙafar dama. A na huɗu karen ya fara tsayuwa a cikin kejin yana cizon waya, Dela ta ce ai ya warke a buɗe shi, Maikasuwa ya ce ta je ta gaya wa likita. Baƙi kuwa sai dai su shigo har tsakar gida su tsaya a gabanta. Sau biyu awaki suka shiga gero, sai da maƙwabta suka koro su. Jalaluddeen yana zuwa duk Asabar, yana jin labarin.

An fara yankan gero ranar da wa'adin ya cika. Dakta Sadiyya ta zo, ta lalube ƙugun, ta danna, ta juya ƙafafun. Kwabo ya yi hamma.

"Ya kama," ta ce. "A buɗe. Amma ba gudu tukuna, a hankali zai dawo."

Maikasuwa ya cire kwaɗon. Karen ya fito da ƙyar, ya rame, gashin cinyarsa ya kwanta. Ya yi taku uku ya zauna. Ya tashi, ya karkata ta hagu kamar amalanken da taya ɗaya ta sace, ya je gindin kuka ya yi fitsari a tsugune, ya dawo ya kwanta a rana.

"Tafiya dai ya yi," in ji Jalaluddeen. "Ba tafiya muka yi alkawari a kai ba. Inna, shiga ɗaki."

Ta shiga, ta saki asabari, ta zauna a bakin gado ta juya wa ƙofa gefe. Ta san Auta zai fita waje ya yi sallama kamar baƙo. Ba za ta ji sallamar ba, ba za ta ji ko karen ya tashi ba. Ta zuba wa asabarin ido. Haske yana shigowa ta tsakanin tsirkiyoyinsa, ba abin da ke motsi. Ta ƙirga numfashinta har ashirin. Ta fara tunanin wa za ta bar wa awakin.

Asabarin ya girgiza. Ya tsaya. Ya sake girgiza, ta ƙasa, da ƙarfi, har igiyar sama ta yi sako-sako.

Ta ɗaga. Kwabo yana tsaye a karkace da bakin asabari a haƙoransa, wutsiya tana kaɗawa. A bayansa Maikasuwa yana dariya har da riƙe ciki, likita tana tafi, Jalaluddeen yana tsaye a bakin zaure.

"Wa ye?" ta ce da ƙarfi. "A ce ya shigo."

Jalaluddeen ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yau ya fara ganinta, ta amsa kamar haka.

"Yanzu kam ana iya gasawa?" ta tambayi likitar.

"Ɗumi-ɗumi, Inna. Ba dannawa. Kuma ba kwando."

"Kuma ina tsaye," in ji Maikasuwa.

Da za su tafi, Dela ta bi ɗanta har mota ta ce ya buɗe baya. Jakar bakkon tana nan a naɗe yadda ta ganta tun farko. Ta ɗauke ta ta koma ciki. Ta auna wake kwano huɗu, da gyaɗa, da garin kuka a leda, da kuɓewa busasshiya, ta zuge zik ɗin, ta sa Jalaluddeen ya ɗauka.

"Ka kai wa Yasmin. Ka ce ta cire labulen nan ta ajiye, kada rana ta cinye shi."

Ya sa jakar a mota. Kwabo ya rako su har zaure yana ɗingishi, ya ga babur yana tahowa daga nesa, ya juya ya koma ciki.